Bishiyar Da Na Shigar Ɗaki

Ko shekara nawa zan ƙara a duniya, abin da ya faru tsakanina da wata 'yar bishiya a Summerfield ba zai fita daga raina ba. Na ba da labarin sau ba adadi, amma har yau idan na fara sai tsikar jikina ta tashi.

A lokacin shekarata biyu a birnin Greensboro, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Cikin watan Afrilu aka tura ni gidan wani dattijo ɗan asalin Japan a garin Summerfield da ke kusa. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana wata jiha mai nisa. Baba nake ce masa, don bakina ba zai iya kiran sunan mai furfura gatsau ba. Bai taɓa tambayata ma'anarsa ba, amsawa kawai yake yi.

Ranar farko, bayan ya sha magani, ya ja ni bayan gida. Can na tarar da benci uku cike da ƙananan bishiyoyi a cikin kwanukan yumɓu marasa zurfi. Ya ce bonsai ake kiran wannan sana'a. A tsakiyarsu akwai wata bishiyar fain mai ganye kamar allurai, tsayinta bai kai ƙuguna ba, amma ɓawonta ya tsattsage kamar ƙafar tsohon manomi. Rassanta a naɗe suke da waya. Ya ce ta haura shekara ɗari, kuma shi ne mutum na uku da ya riƙe ta.

Gabana ya faɗi. A ƙauyenmu tsohuwar bishiya ba ta zama babu masu gida a cikinta, sai da sallama muke wucewa ƙarƙashin tsamiya. To ga wata ta girmi kakata, an hana ta girma, an ɗaure ta da waya an cusa a kwano. Ni dai ban san abin da ake ɗaurewa haka ba sai asiri. Da na tashi aiki na biya shagon wata antinmu a titin Gate City Boulevard na zayyana mata.

"Ke, ki nemi a canza miki shif," in ji ta. "In ba za ki iya ba, ki riƙa addu'a tun daga wurin fakin mota. Kuma kada ki kuskura ki ba wa abin nan baya."

Ban canza ba, aikin na da sauƙi kuma ni ba mai son wahala ba ce. Sai dai na yi wata biyu ina yi wa bishiya sallama a ɓoye.

Wata rana da hantsi Baba ya kama ni ina yi. Bai yi dariya ba. Ya ce in durƙusa har idona ya yi daidai da gindinta, in yi shiru. Na durƙusa ina gunaguni a zuci. Can sai kwanon ya ɓace mini. Abin da na gani katuwar bishiya ce a gefen dutse, iska ta shekara da shekaru ta kwantar da ita gefe guda, ita kuma ta ƙi faɗuwa. Akwai wani reshe na ƙasa da ya miƙe ya sauko, ya ce shekara ashirin da biyu yana lallaɓa shi ya kai wannan wurin. Daga ranar na kamu da sonta, ko da yake tsoron bai tafi duka ba. Ya koya mini ban ruwa: in cusa yatsa cikin ƙasar, in ta bushe in zuba, in da danshi in ƙyale. Zancen sanyi kuwa bai taɓa haɗa mu ba, don lokacinsa bai zo ba.

A watan Disamba Baba ya yanke jiki ya faɗi, aka kwantar da shi asibiti, magana ta ɗauke. 'Yarsa ta zo, ta roƙe ni in ci gaba da duba bishiyoyin, ta bar mini makulli, don ita a asibiti take kwana. Kwana uku bayan haka aka ce ƙanƙara za ta sauko. Na je na sami bishiyar fain ɗin a tsakar iska, ni kaina haƙorana na haɗuwa cikin suwaita biyu. Tausayi ya kama ni. A gidanmu ko akuya ba a bari a waje cikin irin wannan sanyi, balle tsohuwa mai shekara ɗari. Na kinkime ta da kyar, na kai ta falo kusa da hita, na ƙara zafin gidan, na rufe ko'ina. Na fito ina jin na yi aikin lada, ban gaya wa kowa ba.

Bayan kusan mako biyu na je asibiti gaishe da Baba da la'asar. 'Yarsa ta tare ni a ƙofa idonta jajir. Ta ce kwanaki ke nan zazzaɓi ya ƙi sauka, an yi gwaje-gwaje ba a ga dalili ba, duk bargon da aka rufa masa sai ya ture. Na shiga na ce, "Baba, sannu." Gumi ya jiƙa matashinsa sharkaf. Mutumin da bai furta ko kalma ba tun faɗuwarsa ya buɗe ido, ya damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Zafi," ya ce. "Fitar da ita waje."

'Yarsa ta dube ni. "Wa yake nufi?"

Na faɗa mata abin da na yi. Ta dafe kai. Ta ce irin wannan bishiya sai ta yi barcin sanyi take rayuwa, ɗaki mai ɗumi kashe ta yake. Ta ce in hanzarta in kai ta rumfar ajiye kaya da ke bayan gida, inda akwai sanyi amma babu iska.

Ban san yadda na tuƙa mota har Summerfield ba. Da na buɗe ƙofa wani zafi ya buge ni, gidan duk warin ƙaro, ga allurai sun zube a kan kafet. Shirun falon nan ban taɓa jin irinsa ba, kamar na shigo wa wani da ya daɗe yana jirana cikin fushi. Na ɗauke ta ina kuka ina ba ta haƙuri da Hausa.

Washegari da safe 'yarsa ta kira ni, ta ce zazzaɓin ya sauka.

Mutane sun sha ce mini ai Baba ya san halina da tsoron sanyi, shi ya sa ya gane abin da zan aikata. Na yarda. Zazzaɓin ne har yau ba wanda ya yi mini bayaninsa, ni ma na bar wa Allah saninsa.

Bishiyar ta rayu, amma rabinta ya bushe. Da aka dawo da Baba gida a kan keken guragu, na tura shi gabanta. Ya daɗe yana kallonta. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya tambaye ni, "Ke kika ji sanyi, ko ita?"

Bai sake tayar da zancen ba har ya rasu. Abin da na koya shi ne, tausayi ma yana ɓarna idan da jikinka ka auna shi. Tun daga nan, mutum ne ko shuka, ba na yi masa alheri sai na fara sanin abin da yake buƙata, don na taɓa kusan kashe amanar shekara ɗari ina ganin taimako nake yi.