Agogon Kaka Ba Ya Son Zaman Ɗaki

Ni dai agogo ne cutata. Wani kiwon tattabaru, wani kallon ƙwallo, ni kuwa tsofaffin agogunan hannu nake tarawa, irin na ƙarfe masu nauyi waɗanda ba ruwansu da batir. Ina da su cike da wani gwangwani a ɗakina a Daura, kowanne nannaɗe cikin tsumma. Wasu a gwanjo na tsinto, wasu fatake suka shigo da su ta iyakar Kongolam. Matata ta gaji da magana. Ta ce hannu biyu Allah ya ba ni, na tara abin ɗaura wa unguwa guda, kuma duk da haka kullum a makare nake.

Wanda ya fi kowa yi mini tsiya shi ne ƙanin kakata, wanda nake kira Kaka. Dillalin shanu ne a karar Mai'adua, dogon tsoho mai murya kamar ganga. Agogonsa ɗaya tak, a Makka ya sayo shi tun ba a haife ni ba. Fuskarsa ta koma ruwan zuma don tsufa, gilashin da tabon ƙahon wani sa. Wallahi duk abin da ke cikin gwangwanina ba wanda ya kama ƙafarsa. Duk zuwan da zan yi sai na ce, "Kaka, a sallama mini mana." Ya ce, "Sai bayan raina, ɗan nema. Ka yi ta haɗiyar yawu."

Agogon irin wanda motsin hannu ke yi wa wani ne, ba sai an murɗa masa kai da yatsa ba. Akwai ɗan ƙarfe a ciki mai lilo, in ka motsa ya juya, juyawar nan ita ce abincinsa. Kaka bai san haka ba, bai kuma taɓa bukatar sani ba. Hannun da ke jan igiya, ya daki gadon bayan sa, ya yafito wancan, ya kori wannan, yaushe ya huta balle agogo ya tsaya?

Bayan girbin wata shekara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ya ɗauke hagu, baki ya ɗan karkace. Aka sallamo shi daga asibiti, ya shige ɗaki ya ce ba ya son ganin kowa. Mutumin da gidansa ba ya rabo da baƙi! Na je sau da yawa, ta bayan labule muke gaisawa.

Rannan sai Hajiya, matarsa, ta kira ni a waya, muryarta ba daɗi. Ta ce Alhaji ya daina cin abinci, ko furar da yake so sai ya kau da kai. Wai agogonsa ya tsaya, ya ce shi ke nan, an gaya masa kwanansa ya ƙare. Sun ba ɗan acaba ya kai wa mai gyara a Daura, yana isa aka tarar yana aiki ƙalau. Aka dawo da shi, aka ɗaura masa, ya sake mutuwa. Aka sake aikawa, haka dai.

Na ce, "Haba Hajiya! Agogo ya shigo Daura har sau biyu, ya wuce ta ƙofar gidana, ba wanda ya gaya mini?"

Ta ce shi ya hana. Cewa ya yi kada ɗan nema ya ji, zai ce kakarsa ta yanke saƙa. Raina ya ɓaci, ga kuma dariya tana cina.

Bayan azahar na isa, ban tsaya a labule ba, na yi sallama na kutsa. Ya rame ƙwarai. Ya dube ni ya ce, "To, angulu ta sauka."

Na ce, "Angulu ba ta cin mai rai. Ina agogon?"

Yana nan ɗaure a hannun hagun da ke kwance kan cinyarsa. Ya ce, "A hannun ɗan acaba yana tafiya. A hannun mai gyara yana tafiya. A nawa yake mutuwa. Kai da ka yi boko, me wannan ke nufi?"

Tausayinsa ya kama ni. Na kwance agogon, na kaɗa shi a hankali, na kara masa a kunne. Ƙas, ƙas, ƙas. Na gaya masa gargadar hanya ce ke tashinsa a aljihun ɗan acaba, ba wani saƙo da aka aiko masa. Sannan na kama hannunsa na dama na ɗaura.

Ya ce, "A hannun cin tuwo?"

Na ce, "Tuwon da ka daina ci? Kuma ka sani, jan carbi ba zai ƙosar da shi ba. Wannan agogon ɗan kasuwa ne, ba ya son zaman ɗaki. Sai ka fita ka ba mutane hannu."

Ya ce, "Su zo su ga bakina haka?"

"Kaka, da can ɗin kyau ne da kai?"

Ya zage ni tas, zagin da na daɗe ban ji mai daɗinsa ba. Amma bai fita ba. Cikin makon ya aiko a gaya wa malamin agogo, wato ni, cewa maƙaryaci ne, abu ya sake tsayawa. Na ce a tambaye shi mutum nawa ya gaisa da su.

Hajiya ce ta yi maganin abin. Ranar kasuwa ta sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka buɗe ƙofa, ta ce za ta share ɗaki, ya fita ko ta share da shi. Ni ma na je. Wani Bafillace da ya daɗe yana kawo masa shanu ne ya fara leƙowa, ya jingine sanda ya durƙusa. Ka san gaisuwarmu: a ba ka hannu, ka kai ƙirji, a tambayi jiki, a sake ba ka hannu, a tambayi iyali, a tambayi ruwa, a koma kan jikin. Kafin ya tashi wasu sun shigo. Ba wanda ya kalli bakin Kaka, labarin kara kawai ake ba shi, yana musu, yana cewa an cuci wane. Da la'asar ya ɗaga hannu ya duba, ya ce a kawo masa buta. Bayan salla ya sha fura rabin ƙwarya.

Damina biyu ya ƙara yi a zauren nan. Agogon bai sake tsayawa ba, kuma duk zuwana sai ya miƙo mini shi dab da hanci ya ce, "Ci gaba da haɗiyar yawu."

A ciwonsa na ƙarshe ya kira ni gaban 'ya'yansa, ya ce in kwance agogon, ya ba ni halak malak. Ya ce, "A dama za ka sa." Shekara da shekaru ina roƙon abin nan, ranar da na samu ji na yi ba na so.

Bayan rasuwarsa, da shi na zauna karɓar gaisuwa. Mutane suka yi ta zuwa, daga Dutsi, daga Kongolam, daga rugage, har daga tsallaken iyaka. Hannu, ƙirji, hannu, ƙirji, har kafaɗata ta yi tsami. Da jama'a suka ragu na shiga wajen Hajiya. Tana zaune cikin takaba, ta kalli hannuna ta ce, "Yana yi kuwa?"

Na durƙusa na kara mata a kunne. Ta daɗe tana saurare.

Na ce, "Mutanensa ne suka yi masa wani, Hajiya."

Ta riƙe hannuna da hannu biyu, ta ƙi saki. A nan kukan da na danne tun ranar jana'iza ya ƙwace mini.