Kififiyar da Inna Ta Hana a Mayar Ruwa

Kakarmu Inna ba ta taɓa ganin teku ba, amma rabin tatsuniyoyinta a can suke ƙarewa. Mijinta ya yi aikin jirgin ruwa daga Ikko zuwa ƙasashen sanyi, ya rasu ya bar mata labarai, ita kuma ta ƙara musu gishiri yadda ta ga dama. Gidanmu yana bayan kamfanonin jima na Challawa, inda in iska ta juyo sai ka rasa ɗanɗanon tuwonka. Awara take sayar wa ma'aikata. Bayan magariba takan ɗora tukunyar waken suya a murhu, mu jikoki mu kewaye ta, rabi don labari, rabi don ɗan abin da za ta miƙo mana.

A shekarar da nake magana, babban wanmu Yaya Habu ya kwanta ciwo. A ɗakin da ake jiƙa fata da sinadari yake aiki, har hannuwansa suka saɓule, ƙirjinsa ya riƙa ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Da ya ɗan farfaɗo, ogansu ya aiko cewa in bai koma ran Litinin ba, an ba wani gurbinsa. Baba ya ce dole Habu ya koma, namiji ba ya gudun aiki. Ran Inna ya ɓaci, amma Baba ɗanta ne na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido, haka muka tashi muka same su.

Ran Lahadi da yamma Baba yana kan tabarma yana jin rediyo, sai Inna ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan tafe, jiƙe sharkaf daga ruwa."

"Ta ƙaraso mu ji," muka amsa.

Wai wata kififiya ce ta teku, bayanta ya kai murfin rijiya. Tana kiwo a ruwa mai ɗumi, igiyar ruwa ta yi ta jan ta har ƙasar sanyi. Sanyi ya sandarar da ita, ruwa ya tofo ta gaɓa. Mutanen garin masu tausayi ne, suka ce ai kayan ruwa sai ruwa, suka kinkime ta suka jefa. Washegari ruwa ya sake tofo ta, suka sake jefawa, daga nan sai gawarta. Shekara ta zagayo wata ta fito, aka yi mata haka. Aka yi ta yi shekara da shekaru, har suka yanke cewa kififiya wawuya ce, ba ta san gidanta ba. Rannan wata tsohuwa ta riga kowa zuwa gaɓa, ta haye bayan wadda ta fito ta zauna daram, ta ce duk mai son jefa ta sai ya haɗa da ita.

"Inna, ba ruwan ne gidanta ba?" in ji ni.

"Gidanta ne, 'yar nan. Amma wa ya tambaye ta abin da ya koro ta? Ko a kogin nan namu, da ina amarya, kififiya kan hawo yashi ta yi ƙwai ta koma da ƙafarta. Tun da kamfanoni suka fara sako baƙin ruwan nan, da rarrafe suke fitowa, ido a kumbure, mutane suna mayar da su wai aikin lada suke yi."

Baba ya kashe rediyo. "Inna, ku yi haƙuri. Tatsuniya ba ta ciyar da gida."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ci gaba da juya tukunya, ta ce mana, "Ku gaya wa mai gidan nan, tsohuwar ba ta tashi ba."

Da safe muka gane nufinta. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Yaya Habu, ta miƙe ƙafafu, ta kama jan carbi. Awara ta yi tsami a roba, ba ta damu ba. Baba ya zo ya tsaya, ya koma, ya sake zuwa. Wa zai tsallake uwarsa? Yaya Habu yana ciki da rigar aiki a jikinsa, yana roƙo, "Inna, don Allah." Ta ce ya kwanta, ba da shi take ba. Ba ta tashi ba sai da aka kira azahar, aiki kuwa ya tafi.

Mun sha wuya a shekarar, ba zan ɓoye ba. Baba ya daɗe yana cewa ta raba gida da albashi, maƙwabta suka ce tsufa ne ya fara taɓa ta. Har ta koma ga Allah ba ta ba kowa haƙuri ba.

Kwanaki na ga wani bidiyo a waya: gaɓar teku a ƙasar sanyi, mutane cikin manyan riguna sun tsinci kififiya a sandare. Ashe shekara da shekaru suna lura da fitowarsu, kuma abu na farko da ake gaya wa wanda ya tsinta shi ne kada ya mayar da ita ruwa. Na yi dariya har da hawaye, sannan haushi ya kama ni. Ina ɗinkin buhu a wani kamfani a Sharada yanzu, kuma har gobe in ma'aikaci ya fito yana layi don ciwo, abin da ake ce masa shi ne ya daure ya koma. Ni ba na cikin masu faɗar haka, ko oga yana tsaye.

Yaya Habu bai warke sarai ba. Keke napep yake ja a Bompai, ba ya iya hawa bene sai ya huta. Abokan aikinsa na wancan ɗakin, da yawa mun je ta'aziyyarsu. Bara ya aurar da 'yarsa, yana tari yana dafe ƙirji, amma shi ne tsaye a ƙofar gida yana yi wa baƙi maraba.