Baƙon da Ke Tambayar Tsofaffi

A ofishin kamfen ɗinmu na Toledo, inda muke aikin sa-kai na kiran masu zaɓe, wani baƙo yana zaune dab da ƙofa. Wai sunansa Wendell. Rigar ɗan takararmu da ke jikinsa ko alamar ninki ba ta sake ba. Mu da mun isar da saƙo muke ajiye waya. Shi kuwa hira yake ja da tsofaffi, murya kamar zuma.

"Haba Mama, ke kaɗai a wannan ƙaton gida? Ko kare babu? To ranar Talata da safe za ki fita zaɓen, ko da yamma?"

Yana sauraro ido a lumshe, leɓensa na maimaita sunan layin.

Wataƙila so yake ya kai su rumfar zaɓe a motarsa. Wataƙila tasa uwar kaɗaici ne ya kashe ta. Duk da haka na raɗa wa Lorraine, shugabarmu, cewa a daina ba shi lambobin tsofaffi.

Ta ce, "Ke dai kishi ne. Baiwa gare shi."

Yana ajiye wayar ya juyo yana murmushi. "Ke fa, 'yar'uwa, a wace unguwa kike?"