Kwana Biyun da Alhaji Ya Ɓata a Hanyar Albasa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, wanda Zongon Lome ta sani da Alhaji Mai Albasa. Ni ba mai yawan yabo ba ce, ko da ransa ban cika yi masa ba. Amma bana na ga abin da ya sa dole in buɗe baki.

Sana'arsa sarin albasa daga arewa zuwa bakin teku. Wata shekara na bi shi da tsohon ciki, naƙuda ta kama ni a wani ɗan ƙauye gaban Blitta, nan na haifi Rabi. Maimakon mu kama hanya bayan suna, sai mutumin nan ya tsaya. Ya je wurin mai gari, aka tura shi gun sarkin kanto, daga can ya hau mota har inda firefe, wato shugaban gunduma, yake zaune, wai sai an sa jaririya a littafi. Kwana biyu albasa na ruɓewa a buhu.

Na ce, "Alhaji, takarda za mu ci?"

Ya ce, "Ke dai riƙe abin da zan gaya miki. Ƙauye yana ƙarƙashin kanto, kanto yana ƙarƙashin gunduma, gundumomi kuma a tara su su zama jiha. Jihohi biyar ne daga teku har iyakar arewa. Ba bukkar da ba ta da inda take rataye."

Ban yi boko ba, shi ma allo kawai ya yi. Amma duk tafiya sai ya riƙa kiran sunayen nan ta tagar mota, nan ƙasar wane ta ƙare, nan ta wane ta fara, har suka zauna mini a kai ba da sona ba.

Bana 'yar Rabi, Hadiza, ta sami gurbin karatun jinya, aka ce sai ta kawo takardar zama 'yar ƙasa kafin a rufe rajista. Da aka tambayi uwarta asalinta, sai ta amsa yadda duk muke amsawa a Zongo, ta ce mu Katsinawa ne. Ita da ko hanyar Katsina ba ta sani ba! Aka ce to, ta kawo shaidar cewa a Togo aka haife ta. Takardar haihuwar Rabi kuwa ruwan ambaliya ya cinye tun muna Adakpame.

Rabi da Hadiza suka duba waya, waya ta ce ƙauyen na gundumar Blitta ne. Suka je, suka dawo hannu biyu. Hadiza ta zauna tana kuka, saura mako guda.

Na ce mata, "Share fuskarki, amaryar Alhaji. Lokacin da aka haifi uwarki Blitta ba ta da firefe nata, Sotubuwa ake bi. Daga baya aka raba."

Ta ce, "Kaka, kin tabbata?"

Na ce, "Ɗauko mini mayafina."

A Sotubuwa wani dattijon ma'aikaci ya shige ɗaki, ya daɗe, ya fito da littafin da bangonsa ya ci. Yana bin layi da yatsa sai ya tsaya. Ga sunan ƙauyen, ga kanto, ga Rabi, ga kuma sa hannun Alhaji da ajami, karkatacce yadda yake yinsa. Ban iya karatu ba, amma na san hannun nan. Ƙasa mai tsawon nan, a ce an kasa ta kashi-kashi, an ɗora ƙarami cikin babba, har jaririyar matafiya da aka haifa a ɗakin aro tana da layinta, shekara arba'in da wani abu yana jiran mai nema.

Da yana nan, na san zai yi wa wayar nan dariya, sannan ya karɓa ya ce a nuna masa sababbin gundumomin da aka yanka bayansa, don ba ya son a riga shi sanin hanya. Zai kuma yi wa Rabi faɗa. Katsina ta kakanni ce, ba ma musunta, amma a nan aka binne cibiyarta.

Rumfarsa ta kasuwa wani ke ciki yanzu, abokan cinikinsa sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Hadiza kuwa ta shiga aji ranar Litinin da farar rigarta. Allah Ya haskaka kabarinka, Alhaji. Kai ne da gaskiya, na faɗa a gaban jama'a.