Kazar da ta zama agogona

Bari in faɗi laifina da bakina, tunda ƙanwata ta riga ta yaɗa shi a unguwa har da ƙari. Ni da kaina na diro daga saman wani dutse a bayan Birni, ba wanda ya tura ni. A makon ne a lekwal, wato makaranta, malaminmu Mushen fizik ya koya mana lissafin lokacin da abu yake ɗauka in ya faɗo. Na auna dutsen da ido na ce mita uku ne, na buga lissafi a bayan kaye, littafin rubutuna, ya ba ni abin da bai kai sakan ɗaya ba. Na ce wa abokaina, me zai samu mutum a cikin abin da bai kai sakan ba? Ɗaya ya riƙe waya yana aunawa. Lissafina daidai ne, da Mushe ya gani da ya ba ni ashirin bisa ashirin. Ƙwaurina na hagu ne bai halarci darasin ba.

Ranar saura kwana goma sha tara a fara kompozisiyon ƙarshen shekara. Makina na zangon farko kuwa ko kare ba zai shinshina ba. In ban zauna wannan jarrabawa ba, maimaita aji ya tabbata, abokaina su wuce, ni in zauna da yaran da nake aika sayen ƙanƙara.

Babana yana kan hanyar fatauci, saboda haka mulkin gida yana hannun Kaka. Ta aika garin Zermu aka ɗauko mata maɗorin da ya ɗora ƙafar babana tun yana yaro. Tsohon ya ja ƙafar, na yi ihun da na tabbata an ji shi har garin Tirmini, ya jera kara ya ɗaure. Sai ya ce a kawo kaza. Na ɗauka romo za a yi mini. Ya kama wata ja mai farin wuya, ya karya mata ƙafar hagu, ya ɗaure ta da ƴan tsinkaye kamar tawa.

"Ranar da ta taka, shi ma ya taka," in ji shi. "Kafin nan ko bakin ƙofa."

"Baba, kwana nawa ke nan?"

"Tambaye ta."

Aka shimfiɗa ni a ɗakin Kaka, aka ajiye kazar cikin kwando a gefena. Ɗakin taga ɗaya gare shi, girman littafi. Lokacin zafi ne, kwanon rufi yana gasa mu ni da ita ba bambanci. Na ƙirga azarar ɗakin har na san wadda gara ta fi so. Daga azahar zuwa la'asar nakan yi shekara biyu, in duba waya in ga minti shida. Ita kuwa kazar ko a jikinta. Ana kawo mata gero har kwance, abin da ba ta taɓa samu ba tun da aka ƙyanƙyashe ta. Wace kaza mai hankali za ta tashi?

A kwana na tara Mushe ya zo duba ni. Ya zauna a kan turmi, ya ga ƙafata, ya ga kazar, ya yi ta gyaran murya don kada ya yi dariya. Na ce, "Mushe, don Allah mene ne lokaci? Na lekwal yana gudu, na ɗakin nan ya kwanta."

Ya ce masu fizik ba su gama sanin ko mene ne shi ba, sun dai yarda a kan yadda za a auna shi. Lokaci shi ne abin da agogo yake aunawa, agogo kuwa duk abin da yake maimaita kansa daidai ba tare da gajiya ba: fitowar rana, dutsen da aka rataya a zare yana lilo. Ya ce yanzu ma da wata ƙwayar zarra ake yi, in ta kaɗa sau biliyan tara da wani abu, sakan ɗaya ya cika. Ya ƙara da cewa wanda ya yi tafiya da gudu mai kusan na haske ya dawo, zai tarar lokacinsa bai kai na wanda ya bari a gida ba. Na ce to shi ke nan, ni ne wanda aka bari a gida, nawa cikakke ake ba ni, babu ragi.

Sai na ɗaga murya don Kaka ta ji. "Ashe kaza ba agogo ba ce, Mushe?"

"Kaza ba ta maimaita komai," in ji shi, a hankali, yana kallon ƙofa.

Kaka ta leƙo da muciya a hannu. "Malam, agogon hannunka ya taɓa karyewa a ƙafa?"

"A'a, Iya."

"To ina ya san ciwon ƙashi? Naka da rana yake tafiya, tawa da ƙashi take tafiya." Ta juyo kaina. "Kai kuma maigida, rago, kwanta. Mijin da ya faɗo daga dutse ba shi da bakin magana."

Mushe ya shanye furar da aka kawo masa ya tafi, ya bar ni da takardun bita.

Na koma kan kazar. Na roƙe ta, na zage ta, na karanta mata darasin tarihi. Na sa gero nesa da kwandon, ta miƙa wuya kamar raƙumi ta ci tana kwance. Kwana goma sha shida suka cika, saura uku, ko yatsa ba ta motsa ba.

A nan ne dabara ta zo mini, kuma har yau ina ganin dabara ce mai kyau. Maƙwabtanmu suna da kaza ja mai farin wuya. Na yi wa ƙanwata alkawarin wayata na mako guda. Da Kaka ta tafi barkar suna, ƙanwata ta kai tawa can ta ɓoye a bayan rumbu, ta kawo lafiyayyar, muka naɗa mata tsinkaye sako-sako. Kaka na shigowa kazar ta yi tsalle daga kwando, ta zaga ɗaki, ta haye gado, ta fice.

"Kaka, ta taka! Har da gudu!"

Kaka ta bi ta da kallo. "Ikon Allah. Har tsayi ta ƙara." Ta jawo kujera ta zauna. "To, maigida, tashi mu gani."

Ina jin ta zaci zan tsorata in faɗi gaskiya. Ni kuwa na dafa bango na miƙe. Na ɗora nauyina a ƙafar, na ji wani ɗan ƙara kamar an taka busasshen kara. Kaka ta zabura daga kujerar. Ban taɓa ganin ta firgita haka ba, kuma ranar ba ta kira ni rago ba.

Washegari maɗorin ya dawo daga Zermu. Bai yi mini faɗa ba, ya dai ja ƙafar, kuma wannan karon na tabbata har garin Dakusa an ji. Ya sake jera kara. Ya ce a kawo kazar da na zaɓa da kaina, ya karya ta, ya ɗaure. Kaka ta ba maƙwabta haƙuri da wata kazar. Aka fara ƙirga daga ɗaya.

Kaza ta farko ta taka ana gobe kompozisiyo, ƙanwata ta gan ta tana ɗingishi a bayan rumbu. Maɗorin ya ce wannan ba tawa ba ce kuma. Ta biyu ta yi kwana ashirin da biyu, Kaka ta ƙara mini goma daga wajenta. Na fita ɗakin bayan ruwan farko ya sauka, an riga an rufe lekwal. Na maimaita ajin.