Neman Haliru a Kajiji

Ana idar da sallar asuba muka bar Kaduna, ni da wani abokin aikina da zai sauka a Gusau. A aljihuna akwai wasiƙa ta huɗu da Haliru Kajiji ya aiko mini. Ukun farko ban amsa ko ɗaya ba. Wannan kuwa layi biyar ce kacal, kuma rubutun nan nasa mai kyau duk ya karkace: jiki ya ƙi daɗi tun bazara, in na zo gida in daure in biyo ya gan ni. Sai da ta yi wata biyu a wurina kafin na nemi hutu. Na faɗa ne don ku san irin mutumin da kuke karanta labarinsa.

Haliru abokina ne na sakandare, shekara biyar gadonsa na sama, nawa na ƙasa. A makarantar kwana ta ƙasarmu, ranar da aka rubuta ka a rajista ake liƙa maka sunan garinku a bayan naka, shi ke nan ya bi ka har takardar shaida. Shi ya zama Kajiji, ni na zama Shagari. A lokacin ba wanda ya damu da sunan nan nawa. Amma tun da farar hula suka karɓi mulki, ɗan garinmu ya zama shugaban ƙasa, sunan garin ya shiga bakin kowa, sai aka ɗauka duk mai amsa shi yana da hanya. Haliru ma haka ya ɗauka. Wasiƙunsa uku roƙo ɗaya ne: in samo masa aiki, ko na masinja. Ni kuwa ƙaramin akawu ne a masaƙa, inda kowane ƙarshen wata ake kafe sunayen waɗanda aka sallama. Na ji kunyar rubuta masa cewa ban san kowa ba, sai na yi shiru, shirun ya kai shekara uku.

A Funtuwa muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an sa masa wani abu. Abokin tafiyata, da ba ya iya riƙe bakinsa, ya kira ni da sunan makaranta a cikin mota, nan take fasinjoji suka juyo kaina. Wani ɗan kasuwa ya ce in na isa gida in tambayo masa inda shinkafa ta shige. Wata tsohuwa ta ce ita sabulu kawai take so. Na yi alkawarin isar da saƙo, aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba, don a Gusau mun wuce layin mutane a ƙofar wani kanti, tun daga bakin titi har bayan masallaci, ana jiran madara da man girki. Daga Talatar Mafara zuwa Sakkwato ido kawai nake bi da gonaki. Damina ta yi nisa, gero bai wuce gwiwa ba.

A Sakkwato na shiga 'yar bas mai zuwa Shagari. Muna isa Boɗinga taya ta fashe. Sabuwar taya ta zama abin labari yanzu, wadda aka kwance ɗin faci ne a kan faci. Muna tsaye wajen mai faci sai na ji an ƙwala kira daga wata rumfa.

"Shagari! Kai na, ko idona na ka yi min gizo?"

Sahabi Dingyaɗi ne, wanda duk ajinmu ba mai kama ƙafarsa a lissafi. Yana zaune bayan keken ɗinki, tef a wuya, furfura ta fara fito masa tun bai kai talatin da biyar ba. Muka rungume juna. Ya ce aikin da ya samu a wani kamfanin gine-gine ya mutu tare da kamfanin, sai ya dawo ya karɓi keken mahaifinsa, yana bin kasuwanni. Ya lissafa mini 'yan ajinmu: wane yana awon albasa, wane ya tafi kudu ba labari, wane ya rasu a hatsarin mota. Ya sayo mini fura, na san kuma ba shi da halin sayen. Na tambaye shi Haliru.

"Shina nan, amma jikin ya matsa mai ƙwarai. Ka tahi gobe-goben ga, kak ka tsaya. Kowa ya san shi can."

Direba ya matsa hon, na ruga na shiga.

Na isa gida kafin magariba. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce birni ba ya ciyar da ni. Garin kuwa yana nan yadda na bar shi, sai baƙin motoci da suka ƙaru a bakin hanya. Masu zaton zuma ke gudana a lungunanmu, da sun zo sun ga tuwon dawar da muka ci.

Da hantsi na hau mota zuwa Kajiji, tafiyar da ba ta da nisa. Na sami dattawa a gindin wata bishiya kusa da tasha, na durƙusa na gaishe su, na ce ina neman gidan su Haliru Kajiji. Suka dubi juna, ɗayansu ya yi murmushi.

"Ɗana, ai mu duka Kajiji na. Wane Haliru kaka biɗa? Akwai na mahauta, akwai mai jakkai."

Na je wurin na mahauta, na tarar da ƙato yana fiɗa. Mai jakkai kuwa ya haifi kamata. Na zaga gari har azahar, na dawo gindin bishiyar a gajiye, raina a ɓace. Sai wani tsoho daga cikinsu ya ɗago kai.

"In ɗan boko na, akwai Nomau mai rubuta takarda, can ƙetaren hwadama. Shi ma kwance shike."

Na ce, "A'a, baba. Nawa Haliru ne."

Ya ce to, Allah shi sa a dace.

Na hango ƙauyen da ya nuna, bai fi tafiyar rabin awa ba, sai dai akwai taɓo a tsakani, ni kuma ina sanye da takalmin ofis. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba sai yanzu ita ce, wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji. Ban shirya haɗa ido da shi ba. Na ce wa kaina jibi kasuwar Shagari, Sahabi zai zo da kekensa, sai ya raka ni. Na koma gida, na ɓata washegari wajen gaishe-gaishen dangi.

Ranar kasuwa na sami Sahabi ya kafa keke a layin maɗinka. Ya ce, "Kun gana?" Na ba shi labarin wahalar da na sha, har ina ba'a da tsohon da ya so ya tura ni wurin wani Nomau. Ƙafarsa ta tsaya cak a kan keken.

"Nomau? Ai shi na! Shi na Haliru! Sunan kakanai na anka sa mai, mata ba su iya hwaɗi nai, sai sunka riƙa kiran shi Nomau. Wa ka ce mishi Haliru in ba mu ba?"

Ya bar wa maƙwabcinsa keken, ya aro babur. Ban san yadda muka isa ba. A bakin fadama muka jingine babur ɗin, na tuɓe takalmin na riƙe a hannu, taɓon ma ko idon sawu bai rufe ba. Tun daga nesa na hango tabarmi a shimfiɗe a ƙofar wani gida, maza zaune shiru. Sahabi ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Jiya da hantsi Haliru ya cika, aka kai shi kafin azahar. Ranar da na tsaya ina kallon ƙauyen daga tasha, yana da rai, yana magana.

Muka zauna, aka yi addu'a. Sahabi ya gaya wa wan Haliru ko ni wane ne. Mutumin ya riƙe hannuna da hannu biyu, hannun manomi, kaushi kamar ɓawon itace.

"Kai na Shagari? Sannu da ƙoƙari. Kullum maganarka shikai. Takardun mutanen ƙauyen ga duka shi ka rubuta su, in amsa ta zaka shi ka karanta musu. Da ciwo yak kwantar da shi, ni nika zuwa amso su. Yac ce min, akwai wadda za ta zaka da sunan Haliru Kajiji, kak ka bari a maishe ta, tawa ta."

Babu zargi a muryarsa ko kaɗan, da ma akwai da na fi samun sauƙi. Na yi kuka a gaban mutanen da ban sani ba, ban iya ɓoyewa ba.

Muna shirin tashi wata dattijuwa ta aiko daga cikin gida da ambulan. Ɗanta ne ya rubuto daga Legas, kwana ashirin ke nan ba wanda zai karanta mata. Na tsaya a bakin zaure, ita tana daga ciki, na karanta: yana lafiya, aiki ya tsaya, ta yi masa addu'a. Ta ce in sake karantawa a hankali, haka Nomau ke yi mata. Na sake.

Kwana biyu bayan nan na kamo hanyar Kaduna. Sahabi ya tare motarmu a Boɗinga ya miƙo mini hula da ya ɗinka, muka yi alkawarin rubuta wa juna, kuma na rubuta masa tun a makon da na dawo. Na tarar an kafe sababbin sunaye a masaƙa, nawa ba ya ciki, ban ji komai ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Haliru ya daɗe da daina jiran aiki daga wurina, layi biyu yake jira, ni kuma na hana shi don kada ya gane ni ba kowa ba ne. Ina kiransa amini, na san lambar takalminsa, na san ba ya cin wake, amma ban taɓa tambayarsa yadda ake kiransa a gidansu ba. Wanda duk ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a. Ku ce Allah ya jiƙan Nomau.