Sallama Uku Ban Amsa Ba

Jama'a, yau hedifon, abin jin sautin nan da ake maƙalawa a kunne, ya ja mini!

Na je Ƙanƙara sayen na buga gem a kwamfuta. Mai shago ya ce ƙaramin ya ishe ni. Na ce babban mai makirfo nake so. Ya ce, "To, ko ganga aka buga ba za ka ji ba."

Na saya na dawo gida na maƙala. Ina tsakiyar wasa, ashe surukina Alhaji ya taso daga Sheme, yana bakin ƙofa. Sallama uku ban amsa ba! Da na waiga na gan shi, na zabura zan durƙusa, wayar hedifon ta riƙe ni. Ban miƙe ba, ban durƙusa ba, kwamfuta na neman faɗowa!

Alhaji ya ce, "Ƙarasa tuƙinka, matuƙin jirgi." Ya juya.

Wa zai raka ni Sheme ban haƙuri?